Maki Nawa a Hari 100? Yadda Ake Auna Tsaro a Ƙwallon Kwando

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga masu hana idonsu barci ƙarfe 1 ko 2 na dare don kallon gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, gari na wayewa kuma su ɗauko musu a majalisa. Yau shirin naku ne. Wanda kuma bai taɓa kallon wasan ba, kada ya murɗa akwatinsa, domin zancen namu na awo ne, kuma duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwa ya san ba a ciniki sai an duba mudu.

Idan aka ce ƙungiya kaza ta iya tsaro, da wane mudu aka auna?

Amsar da ke fara zuwa bakin kowa ita ce a duba makin da ake zura mata a kowane wasa, wadda aka zura wa kaɗan ita ce gwana. To bari in ba ku labarin kakar 2014 zuwa 2015. Cikin ƙungiyoyi 30 na NBA, babu wadda aka zura wa maki kaɗan kamar Utah Jazz, kimanin 95 a kowane wasa. Golden State Warriors kuwa kusan 100 ake zura mata, tana can ta 15 a jeri. Da wannan mudun, Utah ce sarauniyar tsaro. Amma Utah wasa 38 ta ci, aka doke ta sau 44, ko zagayen fidda gwani ba ta leƙa ba. Golden State ta ci 67 cikin 82, ta ɗauke kofi. Wani zai ce ai hannun Stephen Curry ne ya kai su. Hannunsa ya yi aiki, babu musu. Sai dai a wannan kakar Golden State ce ta ɗaya a tsaro a duk gasar, Utah kuwa tana tsakiya.

Ga inda gizo yake saƙa. Utah ta fi kowa jan ƙafa a wasa. Tana riƙe ƙwallo har daƙiƙa 24 da doka ta ba ta su kusa ƙarewa kafin ta jefa, don haka sau 90 kacal, ko kusa da haka, abokan karawarta ke samun ƙwallo a hannu a wasa guda. Golden State ta fi kowa sauri, abokan karawarta na samun ƙwallo kusan sau 98. Wanda aka kai wa hari sau 98 dole a zura masa fiye da wanda aka kai wa sau 90, ko da ya fi shi iya tsaro. Manomi mai kadada 2 da tsuntsaye suka ci wa dami 5, da mai kadada 10 da suka ci wa dami 8, wa ya fi iya korar tsuntsu? Ba ka cewa na farko don asararsa ta fi ƙanƙanta. Sai ka raba da girman gona. Da aka raba, sai aka ga a duk hari 100 Golden State maki 101 ake zura mata, Utah kuwa kusan 105.

Wannan shi ne babban mudu, kuma idan ba ku riƙe komai daga shirin yau ba, ku riƙe shi: maki nawa ake zura wa ƙungiya a duk hari 100.

Me nake nufi da hari? Hari yana farawa lokacin da ƙwallo ta shiga hannun ƙungiya, ya ƙare lokacin da ta koma hannun ɗaya ƙungiyar. Ko dai an jefa ta shiga kwando, ko an jefa ta ƙi shiga masu tsaro suka cafke, ko kuma ta suɓuce kafin a kai ga jifa, ta hanyar ƙwace ko kuskuren miƙawa ko taka doka. Wannan na ƙarshe shi zan riƙa kira ɓari. Idan kuwa aka jefa ta ƙi shiga, masu harin suka sake cafkewa, to harin bai ƙare ba, ci gaba ya yi. Kyan wannan awo shi ne ƙungiyoyi biyu a wasa ɗaya kusan adadin hari ɗaya suke samu, tunda karɓa-karɓa ake yi. Kuma da shi kana iya kwatanta wasan NBA mai minti 48 da wasan ƙasa da ƙasa mai minti 40, irin wanda ake yi a nan gida.

Ba sai ka zauna kana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya ba. Takardar sakamakon wasa ta isa. Ɗauki yawan jifan da abokan karawa suka yi, cire yawan cafkar da suka yi wa jifansu da bai shiga ba, ƙara yawan ɓarinsu, sannan ƙara ɗan ƙasa da rabin jifan kyauta da suka yi, wato wanda ake bayarwa bayan fawul, masu lissafi suna ninka shi da 0.44. A ce misali sun yi jifa 88, sun sake cafke 10, sun yi ɓari 14, sun yi jifan kyauta 20. Cire 10 daga 88, saura 78. Ƙara 14, ya zama 92. Ƙara kusan 9, ya zama 101. Idan maki 110 suka ci, to a hari 100 sun ci kimanin 109 ke nan. Lissafin ɗan firamare ne. Wanda ya yayata wannan hanya shi ne wani masanin lissafi Ba'amurke, Dean Oliver, a littafinsa Basketball on Paper na 2004, kuma yau ƙungiyoyin ƙwararru da yawa suna aiki da ita.

Amma a yi hattara da zamani. A kakar 2003 zuwa 2004 matsakaicin gasar maki 103 ne a hari 100, San Antonio Spurs kuma ta riƙe abokan karawarta a 94. A shekarar ce Detroit Pistons ta su Ben Wallace ta hana ƙungiyoyi 5 a jere kaiwa maki 70, ta kuma doke Los Angeles Lakers ta ɗauki kofi. Bayan shekara 20, matsakaicin ya haura zuwa 115, kuma Minnesota Timberwolves da ta fi kowa tsaro a 2024 tana wajen 109. Da za a ɗauki wannan 109 a kai shi 2004, da ƙungiyar tana can ƙasan jeri. Ba 'yan wasan yanzu ne suka zama ragwaye ba. Tun 2004 aka tsananta dokar hana mai tsaro dafa mai ƙwallo da hannu, jifan maki uku kuma ya yawaita har filin da ake tsarewa ya faɗaɗa. Saboda haka kada ka kwatanta lamba da lamba tsakanin zamani biyu. Tambayi tazarar da ke tsakanin ƙungiya da matsakaicin shekararta.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, muna tare har yanzu, muna zancen awon tsaro a ƙwallon kwando.

Babban mudun nan yana gaya maka ko tsaro na da lafiya ko babu, amma ba ya gaya maka inda ke ciwo. Dean Oliver ya kasa abin gida huɗu: yadda jifan abokan karawa ke shiga, yawan ɓarin da ka sa su yi, yawan cafkar da ka hana su, da yawan jifan kyauta da ka ba su. Ya ba jifa kashi 40 cikin 100 na nauyi, ɓari 25, cafka 20, jifan kyauta 15. Zan daɗe a kan na farko, domin nan ne aka fi ruɗuwa.

Kason shigar jifa kawai, wato nawa suka shiga cikin nawa, ya daina isa tun da aka shata layin maki uku a NBA a 1979. Ga misali. Ƙungiya biyu, kowacce an jefa mata 90, 40 sun shiga. A takarda kunnen doki ne, kashi 44. Amma ta farko 8 ne na maki uku a cikin 40 ɗin, ta biyu kuwa 18. Ta farko an zura mata 88, ta biyu 98. Tazarar maki 10, kuma wasanni da yawa ba su kai haka tazara ba. Shi ya sa ake gyara lissafin, a ƙirga kowane jifan uku da ya shiga a matsayin ɗaya da rabi. Sai ta farko ta koma kashi 49, ta biyu 54, gaskiya ta fito.

Ko wannan ma ni bai gamsar da ni ba. Abin da na fi so in sani shi ne daga ina aka yi jifan. Jifa a gindin kwando, kusan biyu cikin uku suna shiga, wato kowane ɗaya yana kawo wajen maki 1.3. Jifan uku daga kusurwa, inda layin ya fi kusa, mita 6.7 maimakon 7.2, yana kawo fiye da maki ɗaya. Jifan tsaka-tsaki kuwa, wanda bai kai layin uku ba kuma bai kusa kwando ba, wajen kashi 40 ne ke shiga, maki 0.8 ke nan. To mai tsaro mai hankali yana da wurin da yake so ka jefa. Yana toshe gindin kwando, ya toshe kusurwa, ya bar maka tsakiya ya ce bismillah. Ƙungiyar da ke tilasta wa mutane jifan tsaka-tsaki dare bayan dare, ko yau sun shiga, gobe ba za su shiga ba. Wadda kuwa ake ratsawa har gindin kwando, ko yau an yi ta kuskure, ramin yana nan yana jira.

Dalilin da ya sa nake fifita wurin jifa a kan shigarsa shi ne, wuri aikin mai tsaro ne, shiga kuwa akwai rabon sa'a a ciki, musamman a jifan uku. Masu nazarin gasar sun daɗe da lura cewa ƙungiyar da jifan ukun abokan karawarta ya ƙi shiga bana, baɗi sau da yawa sai ka gan ta ta koma tsakiya, da 'yan wasan nan da kocin nan. Ku tuna wasa na 7 tsakanin Houston Rockets da Golden State a 2018, wanda zai kai mai nasara wasan ƙarshe. Houston ta jefa na uku sau 27 a jere babu wanda ya shiga. A dukan wasan 7 ne suka shiga cikin 44. Golden State ta yi tsaro, amma duk wanda ya kalla ya ga da yawa cikin jifan nan babu mai tsaro a kusa. Gajiya da fargaba da rashin sa'a ne suka yi sauran aikin. Haka nan da D'Tigers ta Najeriya ta doke Amurka da 90 da 87 a Las Vegas a watan Yulin 2021, jifan uku 20 ne suka shiga mata. Daren farin ciki ne a gare mu, kuma yaran sun cancanta. Amma kocin da zai yanke wa tsaronsa hukunci da dare ɗaya irin wannan, ko na shiga ko na ƙin shiga, zai rushe abin da ba shi da laifi. Idan aka nuna maka ƙungiya tana sama a tsaro bayan wasa 10 ko 15, fara duba kason jifan ukun abokan karawarta. In ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran jama'a, jira tukuna.

Milwaukee Bucks ta yi caca da wannan sani a fili. A kakar 2018 zuwa 2019 da wadda ta biyo baya, ƙarƙashin koci Mike Budenholzer, ita ce ta ɗaya a tsaro, kuma a lokaci guda ita ce aka fi zura wa jifan uku a duk gasar. Ba saɓani ba ne, zaɓi ne. Sun dasa dogo Brook Lopez a gindin kwando ba ya fita, ga Giannis Antetokounmpo, ɗan iyaye 'yan Najeriya haifaffen Girka, yana shawagi yana kawo ɗauki. Suka ce kwando dai ba za ku kusance shi ba, fawul ba za mu yi muku ba, cafka tamu ce, ku je can nesa ku jefa. A wasanni masu yawa lissafin ya biya su. Wanda ya kalli lamba ɗaya, ya ga yawan jifan ukun da ake zura musu, zai ce ga rauni. Rauni ne, amma wanda suka saya da saninsu don su sami ƙarfi a wurin da ya fi tsada. A 2019 Toronto Raptors ta fitar da su, ƙungiyar da Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya gina har ta ci kofin shekarar. A 2020 Miami Heat, mai tarin gwanayen jifan nesa, ta fitar da su da 4 da 1. Ba tsaro kaɗai ya kayar da su ba, harinsu ma ya cije, Giannis kuma ya ji ciwo a idon sawu. Amma da suka ɗauki kofi a 2021, sun riga sun koyi sauya salon tsaro idan na farko ya ƙi ci.

Sai ɓari. A nan ma akwai lambar da ke ɗaukar ido, wato ƙwace. Allen Iverson ya fi kowa ƙwace a gasar shekara 3 a jere, daga 2001 zuwa 2003, amma ko sau ɗaya ba a taɓa sa shi cikin zaɓaɓɓun masu tsaro na shekara ba. Bruce Bowen kuwa, wanda ya ci kofi 3 da San Antonio, a tsawon rayuwarsa ta wasa ko ƙwace ɗaya a kowane wasa bai cika ba, amma sau 8 ana zaɓensa. Mai neman ƙwace yakan bar mutuminsa ya yi tsalle cikin hanyar ƙwallo. In ya samu, a yi tafi, a rubuta masa. In ya rasa, mutum 4 ne suka rage suna tare 5, kuma babu takardar da za ta rubuta laifinsa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Don haka maimakon ƙirga ƙwacen mutum ɗaya, duba kason harin abokan karawa da ke ƙarewa da ɓari, sannan ka ɗora shi kusa da kason shigar jifansu. In duka biyun suna da kyau, to matsi ne na gaske. Oklahoma City Thunder ta 2025 haka take: ta fi kowa ƙwace, sama da 10 a wasa, ta fi kowa tsaro a hari 100, ta ci wasa 68, ta ɗauki kofi. Su Luguentz Dort da Alex Caruso suna ƙwace ne ba tare da sun saki mutuminsu ba. Mun ga irin haka daga 'yan matanmu na D'Tigress ƙarƙashin Rena Wakama a gasar Olamfik ta Faransa a 2024, da suka sa Ostareliya ɓari sau 26 suka doke ta da 75 da 62. Ƙwace mai kyau riba biyu gare shi, ya kashe harin wani, ya buɗe maka hanya babu kowa a gaba.

Cafka ba ta buƙatar dogon bayani, sai gargaɗi ɗaya. Kada ka ƙirga yawanta, domin ƙungiyar da abokan karawarta ke yawan kuskure dole ta tara cafka. Duba kaso: cikin jifa 100 da suka ƙi shiga a kwandonka, nawa ka cafke? Tsaron daƙiƙa 24 yana tashi a banza idan ƙwallo ta koma hannun mai hari. Oklahoma City ɗin nan a 2024 nan ne rauninta, shi ya sa ta ɗauko dogo Isaiah Hartenstein kafin kakar da ta ci kofi. Jifan kyauta kuma shi ne mafi tsada duka. Kusan kashi 78 ke shiga, wato jifa biyu na kawo fiye da maki ɗaya da rabi, ya ɗara ma na gindin kwando. Ga shi fawul 6 na fitar da ɗan wasa a NBA, 5 a wasan ƙasa da ƙasa. Ƙungiyar da ta rage shigar jifa ta hanyar rafke duk wanda ya tunkaro kwando, bashi ta ci, a layin kyauta za ta biya.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu mu zo kan abin da ya fi burge 'yan kallo, wato doke jifa a sama. A nan muna da abin alfahari. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa kafin ya taɓa ƙwallon kwando, shi ne ya fi kowa a tarihin NBA, da 3,830. Mai bi masa Dikembe Mutombo ne na Kwango, da 3,289. A kakar 1988 zuwa 1989 Hakeem ya haɗa doke jifa sama da 200 da ƙwace sama da 200, abin da babu wanda ya taɓa yi sai shi, kuma kofin gwarzon mai tsaro na shekara sunansa yake ɗauke da shi tun 2022. Amma ko wannan tarihi da giɓi. Sai a kakar 1973 zuwa 1974 aka fara rubuta doke jifa da ƙwace. Bill Russell, wanda ya ci kofi 11 cikin shekara 13 da Boston Celtics bisa ƙarfin tsaro, ya yi ritaya a 1969 ba tare da ko ɗaya a rubuce ba.

Kuma doke jifa ba shi ne tsaron ƙungiya ba. Victor Wembanyama, dogon nan na Faransa, ya fi kowa doke jifa a shekararsa ta farko, 3.6 a kowane wasa, amma San Antonio wasa 22 kacal ta ci a kakar 2023 zuwa 2024, tsaronta kuma yana ƙasa da matsakaici. Idan yana fili abin yakan gyaru, da ya zauna sai ya wargaje. Wannan ya kawo mu wani awo mai amfani: makin da ake zura wa ƙungiya a hari 100 lokacin da ɗan wasa ke ciki, da lokacin da yake benci. Shi ma sai da lura, domin ya danganta da waɗanda suke tare da shi da wanda ke canjinsa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a aikin dogon mai tsaro shi ne abin da ba a rubutawa. Ku ɗauki masu gadi biyu. Ɗaya ya kama ɓarawo 10 a shekara, ɗaya kuma bai kama ko ɗaya ba saboda ɓarayin unguwa sun san shi, ba sa bin layin. Wa za ka ba gadin gidanka? Ɗan wasa ya kutso da gudu, ya ɗaga kai ya ga dogo Rudy Gobert tsaye, ya yi kwana ya mayar da ƙwallo baya. Ba a rubuta wa Gobert komai ba, amma jifa mai maki 1.3 ya mutu. Tun kakar 2013 zuwa 2014 da aka kafa kyamarori masu bin motsin kowane ɗan wasa a dukan filayen NBA, an sami hanyar leƙa wannan: sau nawa ake jifa a gindin kwando idan wane yana ciki, kuma kashi nawa ke shiga idan shi ne mafi kusa. Waɗannan biyun sun fi yawan doke jifa faɗin gaskiya nesa ba kusa ba.

Sunan Gobert ya kai ni ga magana ta ƙarshe, wadda ta shafi gano rauni. Duk lambobin da na ambata matsakaici ne, kuma matsakaici yana lulluɓe rami. A 2021 Utah ce ta fi kowa cin wasanni, 52 cikin 72, Gobert kuma shi ne gwarzon mai tsaro na shekarar. A zagaye na biyu suka haɗu da Los Angeles Clippers. A wasa na 6, Clippers ba ta da tauraronta Kawhi Leonard, Utah na gaba da maki 25. Clippers kuwa ta ajiye dogonta a benci, ta zuba mutum 5 masu iya jifan nesa. Aka ajiye Terance Mann a kusurwa, Gobert ne mai tsaronsa. Duk lokacin da aka ratsa masu tsaron waje na Utah, kuma ana ratsa su cikin sauƙi, dole Gobert ya taho ya toshe kwando, sai a miƙa wa Mann babu kowa a kansa. Yaron ya ci maki 39, Clippers ta ci 131 da 119, Utah ta tafi gida. Mutane da yawa suka ɗora wa Gobert laifi, ni kuwa ina ganin ba a yi masa adalci ba. Raunin yana jikin masu tsaron waje tun farkon kaka, shi ne ya yi ta rufa musu asiri wata da watanni, har lambar ƙungiya ta yi kyau. A kakar yau da kullum kowace ƙungiya kwana ɗaya take da shi ta shirya maka. A zagayen fidda gwani ƙungiya ɗaya ce za ta zauna mako biyu tana neman inda rigarka ta yage.

Don haka mai neman rauni sai ya farfasa lambar. Nawa ake zura mana idan mun sami lokaci mun jeru, nawa kuma idan aka zo mana da gudu kafin mu koma? In na biyun ne ya yi yawa, sau da yawa laifin harinmu ne, ɓarinmu ne ke haifar da shi. Nawa ake zura mana idan muka gamu da ƙungiyoyi 10 mafi iya hari, ba raunana ba? Yaya muke idan dogonmu ya zauna, ko aka janye shi waje? A kuma cire mintocin ƙarshe na wasan da ya riga ya mutu, lokacin da 'yan benci ke ta zura wa juna babu mai damuwa.

Na san akwai masu horar da yara a filayen Kano da Kaduna da Zariya da Jos da Yamai da ke saurarenmu, suna cewa mu ina muka ga kyamarori. Malam, littafi da biro sun isa, da yaro ɗaya mai natsuwa a gefen fili. Ya ja layi a duk harin da aka kawo muku, ya rubuta makin da ya haifar. In an yi jifa ya sa alamar inda aka yi shi, gindin kwando ne, ko tsakiya, ko kusurwa, ko sauran layin uku, ko ya shiga ko bai shiga ba. Ya sa alama in ɓari ne, in fawul ne, in kuma sun sake cafkewa. Kada ku buɗe littafin don yanke hukunci sai ya tara wasa 8 ko 10. Ranar da kuka buɗe, ku fara da shafin gindin kwando, ku ƙirga sau nawa aka iso wurin, sannan ku koma ku tambayi kanku ta wace ƙofa ake shigowa.

Lokaci ya ƙwace mana. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)